Mai Bin Bayan Ayari

Tun da na dawo daga Abuja ban huta da tambaya ba. In na buɗe rumfa a kasuwar Ƙaura, kafin in kwance bakin buhu wani ya ja benci ya zauna: "Malam Haruna, wai da gaske ne ka hau keke a Habuja, har da hular kwano?" Wani ma cewa ya yi an nuna masa hotona a waya, wai na yi kama da kunkuru. To na gaji da ba da labari guntu-guntu tsakanin awon gero da na dawa. Ga shi nan gaba ɗaya, mai dariya ya yi, ni ma na yi tawa. Amma kun san ba hawan keke ya kai ni ba.

Ɗana na je ɗaukowa. Ɗan farina ne, don haka ba za ku ji sunansa na yanka a bakina ba, Ɗanlami dai da kowa ke kiransa. Wanda ba ɗan garin nan ba bari in gaya masa a taƙaice. Shekarun baya yaron yana dawowa daga kasuwar Shinkafi cikin ayarin babura, shi da 'yan unguwarmu, sai sarƙar babur ɗinsa ta tsinke daidai lokacin da aka fara jin harbi daga daji. Sauran suka ƙara wuta. Shi aka tarar tsaye a hanya. Ya yi watanni a hannun 'yan bindiga kafin Allah Ya kuɓutar da shi, ya dawo daga shi sai fata da ƙashi. Yana samun ƙafa ya ce zai tafi Abuja neman aiki. Damina biyu ke nan bai tako Ƙaura ba. Waya yana yi, saƙo yana aikowa, amma in aka ce yaushe za ka zo, sai ya ce sai an ga hali.

Uwarsa Hajara kuwa hawan jini ya sa ta gaba, wata rana ta tashi, wata rana ta wuni a kwance. Rannan ta ce mini, "Malam, ka tahi ka zo mini da yaron nan. Ba muryatai nika so ba, ganinai nika so." Na ce to. Ta ɗaure mini ƙunshi kamar zan je aikin hajji: dakuwa, ƙuli-ƙuli, yaji, da man shanu a gwangwani.

A tashar Ƙaura mota ba ta tashi don ta cika. Sai motar farko ta iso daga Gusau, direbobi su kewaye mai ita su ji yadda ya baro hanya, sannan a ce bismillah. Muna zaune hantsi ya ɗaga kafin aka sallame mu. Direbanmu wani siririn mutum ne mai goro a kunci, ya juyo ya yi mana wa'azinsa: "Jama'a, mai fitsari shi yi yanzu. In mun kama hanya ko tayata ta hwashe ba ni tsayawa." Ba wanda ya ga baƙinsa. Haka muke tafiya yanzu, kowa ya sani.

Kusa da ni wani dattijon Bafulatani ne da carbi, zai kai takardun asibiti Zariya. Na lura mutane sun ɗan janye jiki daga gare shi, shi ma ya lura, sai ya yi ta kallon taga. Da muka wuce Tsafe na miƙa masa dakuwa. Ya karɓa, can ya ce mini a hankali shi ma shanunsa duk an kore, daga Zurmi ya gudo da iyalinsa. Daga nan muka yi ta hira har Zariya. Da zai sauka ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ni kuma na ji kunyar shirun da na yi masa da farko.

Shingen jami'an tsaro kuwa na daina ƙirgawa. Wani wurin a leƙo a ce ku wuce, wani wurin a ce kowa ya sauko ya taka da ƙafa. A ɗaya daga ciki ne wani soja ya buɗe jakata, ya tsoma hannu, ya fito da shi yana naso. Ashe zafin inji ya narkar da man shanun Hajara, ya bi ta kan rigata ta zuwa Juma'a, wadda na tanada don in shiga birni da mutunci. Sojan ya shinshina hannunsa ya ce da gurɓatacciyar Hausa, "Baba, wannan miya ne?" Mota duka ta kwashe da dariya. Har na isa Abuja ƙudaje suna yi mini rakiya.

Ɗanlami ya tare ni a tasha ana kiran magariba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya karɓi jaka. Ya yi ƙiba, fatarsa ta murje, har ya tara ɗan gemu. Na so in rungume shi, wallahi na so, amma kun san mu da ɗan fari. "Ka tashi lafiya?" shi ne iyakar abin da na ce.

Masaukinsa ba a cikin Abujar da kuke gani a talabijin yake ba. Can bayan gari ne, ɗaki ɗaya a gidan haya mai tsakar gida kamar zariyar wando, maƙwabcinsa na dama Bayarabe, na hagu mutumin Binuwai. Ba wanda ya zo yi mini sannu da zuwa sai wata tsohuwa da ta ɗaga mini hannu daga nesa. A Ƙaura in baƙo ya sauka, kafin ya wanke ƙafa kwanuka sun kewaye shi. Nan kuwa yaron ne ya fita ya sayo tuwon shinkafa a leda, malmala biyu, kowace ba ta fi ƙwan agwagwa ba. Na ce, "Wanga na yara ne ko na ɗanɗano?" Ya yi dariya ya koma ya ƙaro. Ya bar mini katifa, shi ya shimfiɗa tabarma.

A jikin bango akwai keke a rataye, siriri kamar sauro, tayarsa ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba. Ya ce a shagon da ake sayar da kekuna da ba da hayarsu yake aiki, kuma duk Asabar da safe akwai ƙungiyar da ke fita yawon keke, yana bin su. Na ce yawo zuwa ina? Ya ce ba ko'ina, a zaga a dawo. Na ce, "A ƙona ƙarfi a banza, ba kaya, ba saƙo?" Ya ce, "Baba, gobe ka zo ka gani. Na aro maka keke." Ni kuma ina neman wurin da zan sako maganar uwarsa, sai na ce to, wataƙila a can bakina ya buɗe.

Ku tuna fa ni ba baƙon keke ba ne. Da ƙuruciyata da baƙin kekena mai kariyar ɗora kaya a baya nake ɗaukar buhun gero daga Ƙaura zuwa Kasuwar Daji, in dawo da hantsi. Har Shinkafi na sha zuwa. Amma a wurinmu keke abin hawan wanda bai kai ga babur ba ne. Ranar da mutum ya sayi babur, ranar yake jefa wa yara keken.

To da muka isa wurin taruwa bayan sallar asuba, abin da na fara gani shi ne keke a kan mota. Manya-manyan motoci suna shigowa, kowace da keke ɗaure a kanta ko a bayanta, kamar ango. Na ce la'ilaha illallahu, yau ga jaki a kan doki. Mutane suka yi ta fitowa, maza da mata, Hausawa da Yarabawa da Ibo, har da Turawa biyu. Ga masu furfura, ga masu tumbi, kowa cikin kaya masu ɗame jiki, abin da ko a ɗaka ba zan sa ba. Akwai mata masu hijabi da dogon wando a ƙarƙashin riga. Wani dattijo da aka ce mini babban ma'aikaci ne, na gan shi tsugune yana ba tayarsa iska da hannunsa, direbansa yana tsaye yana kallo.

Shugabar tafiyar mace ce, doguwa, 'yar Jos, Madam Ladi suke ce mata, Hausarta tas. Ta gaishe ni har da rusunawa, sannan ta ce ba a hawa sai da hular kwano. Na ce ai ina da hula. Ta ce, "Baba, wannan ta ado ce, ta kwano ita ke tsare kai." Na ƙi cire tawa, sai aka kifa mini kwanon a kanta. Hoton da kuka gani ke nan. Ƙafar wandona kuma Ɗanlami ya ɗaure mini da roba don kada sarƙa ta ci.

Madam Ladi ta hura usur, ta yi bayani da Turanci, na tsinci abin da na tsinta. Aka jeru biyu-biyu. Abin ya ba ni sha'awa, ba zan ɓoye ba. In na gaba ya ga rami sai ya nuna da hannu, na bayansa ya nuna, har saƙon ya kai ƙarshe. In za a tsaya a ɗaga hannu. Motoci suna ba mu hanya, yara a bakin titi suna tafi. Rabon da in ga abin hawa mai ƙafa biyu ya yi jerin gwano haka ban ji gabana ya faɗi ba, na manta.

Sai na waiga ina neman ɗana. Can na hango shi a ƙarshen layi, shi kaɗai, an sa masa wata riga ruwan ɗorawa, ga jaka a baya, ga famfo, ga gorunan ruwa. Tsakaninsa da na gabansa ma akwai rata. Kowa yana hira da abokin tafiyarsa, shi ba kowa.

Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, wato haka abin yake. Masu motoci a gaba, ɗan talaka ɗan ƙauye a baya da kaya kamar jakin Buzu. Ko kuwa wahalar daji ce ta cinye masa ƙafafu har mata suna wuce shi? A wurinmu wa ke zuwa ƙarshe in ba rago ba, ko wanda aka raina? Jinina ya hau. Na ce yau sai mutanen nan sun san daga gidan da ya fito.

Na danna feda. Na wuce masu tumbi, na wuce Turawa, na wuce babban ma'aikaci, babbar rigata tana kaɗawa kamar tuta. Wasu suna ihu, "Baba! Baba!" na ɗauka kirari ne. Na zo na wuce Madam Ladi kanta. Ta yi ta hura usur, ashe doka ce ba a wuce na gaba, ni kuwa na ɗauka tana ƙara mini ƙarfi ne.

Daɗin bai daɗe ba. Muka fita daga cikin gidaje, hanya ta fara hawa wani tudu mai tsawo a gindin duwatsu. Keken yana da giya ta sauƙaƙa hawan tudu, an nuna mini, amma na ce ni da na yi dakon buhu ba na bukatar wannan. Tun ban kai rabi ba numfashina ya fara fita da ƙara. Waɗanda na wuce suka fara wuce ni ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce "Sannu Baba," wannan sannun kuwa ta fi zagi ciwo. Sai jijiyar ƙafata ta dama ta ɗaure tam. Na sauka da ƙyar, na jingina keken, na zauna a bakin kwalta. Na ɗaga kai na ga na ƙarshensu ya sha kwana ya ɓace.

Jama'a, Abuja ce fa, da safe, rana ta fito. Amma da na ga hanya ta yi wayam, ga daji dama da hagu, ga ni zaune ba na iya tashi, wani irin tsoro ya kama ni wanda ban taɓa ji ba. Na kasa kunne ina jiran ƙarar babura daga cikin itatuwa. Na sha jin labarin abin da ya sami ɗana, na sha ba da shi da bakina, amma sai a wannan zaman na san ban taɓa saninsa ba.

Sai na ji ƙarar birki a bayana. "Baba, miƙe ƙahwar." Ya ajiye kekensa, ya durƙusa, ya kama tafin ƙafata yana dannawa sama har jijiyar ta saki. Ya ba ni ruwa, ya ɓare mini ayaba. Bai yi mini dariya ba, bai ce me ya kai ka ba.

Na ce, "Tashi ka bi su, kar su bar ka."

Ya ce, "Ba su tahiya. Suna nan bayan kwana suna jira."

Ban yarda ba sai da muka tura kekunan muka sha kwanar. Ga su nan kuwa a ƙarƙashin wata gada, duk ɗinsu, ba wanda ya wuce, har da babban ma'aikacin. Suna ganinmu suka ɗauki tafi kamar na ci gasa. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Madam Ladi ta zo ta tsaya kusa da ni. Na ce mata, cikin ɗacin raina, "Madam, mi ya sa kunka aje ɗana a baya da kaya?" Ta dube ni da mamaki, sannan ta gane. Ta ce, "Baba, ba mu muka ajiye shi ba. Dokarmu ce ba a barin kowa a hanya, saboda haka dole a sami mutum ɗaya da zai zo ƙarshe. Wanda tayarsa ta yi faci, wanda ya gaji, wanda ya faɗi, shi zai tsaya da shi, ya kira ni in tsayar da sauran. Sai mai ƙarfi ake ba wa, don in ya gama sai ya kamo mu. Da juyi muke yi, don ba mai so, ba ka gudu, ba ka hira. Ɗanka tun fitarsa ta biyu ya ce a bar masa. Mun yi mun yi ya huta ko sau ɗaya, ya ƙi." Ta ƙara da cewa, "Bai taɓa gaya mana dalili ba."

Ban gaya mata ba ni ma. Na sunkuyar da kai ina gyara robar wandona, don kada ta ga idona.

Sauran tafiyar a baya na yi ta, ni da shi, a hankali. Ya nuna mini yadda ake sassauta giya a tudu, na bi. A gabanmu akwai wata mata mai jiki da ranar ce fitarta ta farko, tana tafe tana haki tana cewa ta tuba. Duk inda ta tsaya muka tsaya. Daga baya mutum yana ganin kowa, wanda ke layi, wanda ya fara gajiya, wanda gorarsa ta faɗi. Na ga idon yaron ba ya barin su ko kaɗan, leɓensa yana motsi, ashe ƙirga su yake yi.

Da aka dawo aka baje tabarmi a gindin itatuwa, aka kawo kankana da ƙosai da shayi. Muka koma gefe mu biyu. Na daɗe ina juya kofi, sannan na ce, "Uwarka ba ta jin daɗi."

Ya ce, "Na sani, Baba. Na san abin da ya kawo ka."

Ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ba hushi nika yi da kowa ba. Waɗanda sunka wuce sunka bar ni a hanyar Shinkafi, da ni ne a gaba wataƙila haka zan yi, ka gaya musu na yahe. Amma Baba, sau biyu ina zuwa tasha da jakata. In na ji an ce Gusau, Ƙaura, sai ƙahwahuna su ƙi. Har yau in babura sunka taho da yawa sai na nemi bango na dahe." Ya kalli mutanen da ke kan tabarmi ya ce, "Nan kaɗai nika bin ayari hankalina kwance. In na kawo su duka, ranar nika barci."

Na zo da maganganu cike da baki: haƙƙin uwa, gonar da ba mai duba ta, abin da mutane ke cewa. Da na ce masa tashi mu tafi, na san zai tashi, bai taɓa musa mini ba. Abin da ya hana ni ke nan. Na dubi yaron da aka dawo mini da shi ba ya iya riƙe kofi, ga shi yau mutane masu yawa sun saki jiki suna tafiya don sun san yana bayansu. Na ce, "Sha shayinka, shina hucewa."

Na ƙara kwana biyu na kamo hanya. Ya kai ni tasha, ya saya wa uwarsa magani da atamfa, ya tsaya har motar ta tashi. Tafiyar dawowa ba abin da ya faru, sai dai bayan Gusau mun wuce wata mota a gefen hanya, murfin inji a buɗe, fasinjoji tsaye cirko-cirko suna ɗaga mana hannu. Direbanmu ya ƙara wuta. Na buɗe baki na rufe, don akwai mata da yara a motarmu, kuma ban san abin da ke cikin dajin ba. Har muka shiga Ƙaura ina waige.

Na tarar da Hajara zaune a bakin gado, ta yi wanka, ta sa a share ɗakin yaron. Ta dubi bayana kafin ta dube ni.

Na zauna na ba ta labari duka, har da man shanun, har da tudun. Ba ta yi dariya ba. Da na gama ta ce, "Ka roƙe shi?"

Na ce, "Ban roƙe shi ba."

Ta juya ta fuskanci bango. Ranar ba ta ƙara yi mini magana ba, washegari ma haka, abinci sai a aiko mini. Na ce a raina na yi abin da ba za ta yafe mini ba, kuma in wani abu ya same ta ba ta gan shi ba, ni zan ɗauka har kabari.

Ana nan sai ga ta ta fito da safe tana dafa bango, matar da ko Gusau sai asibiti ke kai ta. Ta tsaya a kaina ina alwala ta ce, "Malam, wanga tudu da ka ce, mota na hawanai?"

Na ce tana hawa.

Ta ce, "To tunda shi ba ya iya zuwa, ni ina iyawa. Tahi tasha ka tambayo mini ranar da hanya ta fi sauƙi."